Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Ofishin Jakadancin Amurka Da Aka Dasa Wa Kunnuwa A Mosko

A watan Agustan 1985, jami'an Amurka suka rufe ƙofar wani gini mai hawa takwas a birnin Mosko, suka hana ma'aikatan Tarayyar Sobiyet da suka shafe kusan shekara shida suna aiki a kansa sake taka ƙafa ciki. Ginin shi ne sabon ofishin jakadancin Amurka, wanda aka tsara domin ya zama wurin da jakada da jami'an leƙen asirinsa za su riƙa tattauna al'amura mafi nauyi na zamanin yaƙin cacar baka. Gangar jikinsa ta riga ta tsaya, an lulluɓe ta da jan bulo, duk mai wucewa zai ɗauka tarewa kawai ta rage. Amma sai da aka ƙara shekara 15 kafin wani jami'i ya zauna ya yi maganar sirri a cikinsa, kuma hakan bai yiwu ba sai bayan da aka sare kansa aka ɗora masa sabo.

Dalili shi ne, an gano cewa an cusa na'urorin satar sauraro a cikin ginshiƙai da katakon kankaren da ke ɗauke da ginin. Wurin aikin yana da shinge, yana da masu gadi, ana kuma duba masu shiga da fita. Duk da haka aka yi ɓarnar, domin an yi ta ne a inda idon masu gadin bai kai ba, a kuma lokacin da ba su fara tsaro ba. Yawancin ƙa'idojin da Amurka ke bi a yau wajen gina wuraren sirri na gwamnati, daga tantance lebura zuwa rakiyar buhun siminti, sun samo ƙarfinsu ne daga wannan abin kunya.

Gargaɗin da ya gabata

Amurkawa ba baƙi ba ne ga ƙwarewar Sobiyet a wannan fage. A watan Agustan 1945, wasu yara 'yan ƙungiyar matasan jam'iyyar kwaminis suka kai wa jakada Averell Harriman kyautar tambarin Amurka da aka sassaƙa da katako, alamar zumunci tsakanin ƙasashen da suka yaƙi Hitila tare. Aka rataye shi a ɗakin karatun jakada a gidansa. A cikin katakon akwai wata 'yar na'ura da Leon Theremin ya ƙera, ba ta da batir, ba ta da waya. Sai an harba mata igiyar rediyo daga waje take farkawa, ta mayar da muryoyin da ke cikin ɗakin. Da yake ba ta fitar da komai idan ba a taɓa ta ba, ta shekara bakwai a bango, sai a 1952, zamanin jakada George Kennan, aka bankaɗo ta.

A 1964 kuma, aka fasa bangayen tsohon ofishin jakadancin, wanda Amurka ta tare a cikinsa a 1953 bayan ma'aikatan Sobiyet sun gyara shi, aka zaƙulo makirufo fiye da 40 da aka binne a ciki. Darasin a fili yake: duk bangon da hannun abokin hamayya ya gina ba tare da ido a kansa ba, ba a yi masa shaidar tsarki. Bayan wannan ne Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fara amfani da magina na rundunar sojan ruwa, waɗanda ake kira Seabees, wajen aiki da sa ido a sassan sirri na ofisoshinta na ƙetare. Saboda haka abin da ya faru daga baya ba a jingina shi ga rashin sani. An san haɗarin, aka zaɓi a ɗauke shi saboda wata bukata da aka ga ta fi shi girma a lokacin.

Inda aka yi sake: teburin yarjejeniya

Ƙasashen biyu duk suna bukatar sababbin ofisoshi, kowacce a babban birnin ɗayar. A 1969 suka yi musayar filaye bisa hayar shekara 85. Sobiyet ta samu tudun Mount Alto, ɗaya daga cikin wurare mafi tsayi a Washinton, inda eriya za ta iya hango sassa da yawa na birnin. Amurka kuma ta samu fili a gangare, kusa da kogin Mosko, wanda dogayen gine-gine ke kallonsa daga sama.

Sauran magana ita ce sharuɗɗan gini, kuma a nan aka daɗe ana ja-in-ja. A watan Disamban 1972, lokacin da gwamnatin Richard Nixon ke ƙoƙarin sassauta zaman doya da manja da fadar Kremlin, aka rattaba hannu kan yarjejeniyar. Ta tanadi cewa ƙasar da ke karɓar baƙunci ita ce za ta yi aikin fili, da harsashi, da gangar jikin ginin, da ma'aikatanta da kayanta. Mai ginin zai kawo nasa mutane ne a aikin ƙarshe na ciki, irin su wutar lantarki da shirya ɗakunan sirri. A takarda, sharaɗin ya hau kan kowa daidai wa daida. A aikace kuwa, akwai tazara mai faɗi. A Amurka kamfanoni masu zaman kansu ne ke gini, mai kuɗi yana iya gindaya musu sharaɗi ya kuma tsaya a kansu. A Sobiyet ko ɗan kwangila, ko masana'antar kankare, ko direban babbar mota, ko birkila, duk na gwamnati ne, kuma hukumar leƙen asiri ta KGB na iya shiga tsakaninsu yadda ta so.

Lissafin Amurkawa shi ne, ko an dasa wani abu, ƙwararrunsu za su tsefe ginin bayan an gama, su cire shi. Sun saba da makirufo da ake ɓoyewa a cikin filasta ko bayan katako, wanda ake iya tonowa a toshe ramin. Ba su kawo a ransu cewa za a mayar da ƙashin ginin kansa ya zama na'urar ba.

Shinge a nan, aiki a can

An aza harsashin ginin a 1979. Tsarin gini na Sobiyet a lokacin ya dogara ne ga zuba kankare a masana'anta: a can ake ƙera ginshiƙai, da katakon da ke gittawa a kansu, da faifan daɓen bene, sannan a ɗauko su a mota a zo a harhaɗa a wurin aiki. Haka aka yi wa ofishin jakadancin. Waɗannan sassa an ƙera su ne a masana'antun da babu jami'in tsaron Amurka da ke tsaye a kan aikin. Sun iso ƙofar fili a sandare, rodi da duk abin da aka so sakawa suna can ciki, kankare ya rufe su ruf.

A nan raunin tsaron ƙofa ya bayyana. Mai gadi yana iya duba katin shaidar ma'aikaci, ya buɗe jakarsa, ya laluba aljihunsa, ya rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa. Amma idan babbar mota ta tsaya da ginshiƙi mai nauyin tan da yawa, abin da zai gani shi ne fatar kankare, kuma takardar rakiyar kayan wanda ya ƙera su ne ya rubuta ta. A cikin filin ma, 'yan Amurkan da ke sa ido ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta su da ɗaruruwan ma'aikatan Sobiyet da ke warwatse a hawa daban-daban. Ga shi kuma zanen ginin yana hannun injiniyoyin Sobiyet tun da wuri, don haka wanda ke son dasa kunne yana da damar nazarin inda ɗakuna masu muhimmanci za su kasance.

A Washinton, jami'an Sobiyet sun yi akasin haka. Sun tsaya kai da fata a kan nasu ginin, suna bincikar kayan da ake kawowa, suna nacewa a zuba kankare a gaban idonsu. Wanda ya san abin da yake shukawa a gonar wani ba ya barin tasa ba mai tsaro.

Abin da aka gano, da abin da ya fi shi muni

Tun daga 1982, ƙwararrun Amurka suka fara bin ginin da na'urori masu leƙa cikin kankare, irin aikin da na'urar hoton ƙashi ke yi a asibiti. Abin da suka riƙa gani ya ɗaure musu kai: wayoyi da ƙarafa a wuraren da zane bai nuna ba, haɗe-haɗen rodi da ke iya aiki a matsayin eriya, da wasu abubuwa da ba a gane amfaninsu nan take ba. An kuma ba da rahoton cewa an barbaɗa ƙananan kayan lantarki a cikin kankaren, waɗanda ba sa sauraron komai, aikinsu kawai su sa na'urar bincike ta yi ta kuka a ko'ina, har a kasa bambance na gaske da na bogi.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta kashe ginin. Makirufo ɗaya da aka gano ana cire shi. Amma idan na'urorin suna cikin ginshiƙan da ke riƙe da hawa takwas, cire su yana nufin rushe ginin. Idan kuma ba a san adadinsu ba, ko an cire ɗari, babu jami'in da zai sa hannu ya ce babu na ɗari da ɗaya. Ko da a ce babu ɗaya daga cikinsu da ta taɓa aiki, shakkar kaɗai ta wadatar, domin ɗakin sirri da ake shakkar sa bai fi rumfar kasuwa ba. Wani ɗan majalisar Amurka ya siffanta ginin da makirufo mai hawa takwas, sunan kuma ya bi shi.

A daidai wannan lokaci wasu abubuwa biyu suka ƙara dagula lissafi. A 1984, hukumar tsaron sadarwa ta NSA ta gano na'urori a cikin tafireta 16 ƙirar IBM Selectric da ake amfani da su a ofishin Mosko da ƙaramin ofishin Leningrad. Suna aika abin da ake bugawa ta igiyar rediyo, kuma an fi kyautata zaton an dasa su ne a lokacin da injinan suke kan hanya, ba rakiya. Sannan a ƙarshen 1986, Clayton Lonetree, ɗaya daga cikin sojojin kundumbala da suka yi gadin ofishin Mosko, ya amsa cewa ya yi hulɗa da KGB, aka kuma same shi da laifin leƙen asiri a 1987. Cikin 'yan shekaru, Amurka ta ga an shigo mata ta bango, ta kayan aiki, ta kuma mai gadi.

Shekarun ja-in-ja

Tsayar da aiki ya fi yanke shawarar abin da za a yi sauƙi. A 1987, kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawa ya ba da shawarar a rushe ginin baki ɗaya. James Schlesinger, tsohon sakataren tsaro kuma tsohon shugaban CIA, wanda aka ɗora wa binciken lamarin, ya ce a sake gina hawa uku na sama, a kuma yi wani sabon gini a gefe domin ayyukan sirri. A watan Oktoban 1988, shugaba Ronald Reagan ya bayyana cewa rushewa ce mafita. Amma majalisa ta kasa daidaitawa kan kuɗi da tsari, ginin ya ci gaba da tsayuwa fanko, ma'aikata kuma suna cunkushe a tsohon ofishi, wanda gobara ta ci wani sashe nasa a watan Maris na 1991. Ita ma Sobiyet ba ta tsira ba, domin yarjejeniyar ta ɗaure tarewar ƙasashen biyu da juna. Ta gama nata ofishin a Mount Alto, aka hana ta shiga, sai a 1994 Rasha ta buɗe shi.

A watan Disamban 1991, 'yan makonni kafin rushewar Tarayyar Sobiyet, wani abin mamaki ya faru. Vadim Bakatin, shugaban KGB na ƙarshe, ya miƙa wa jakadan Amurka Robert Strauss zanen wuraren da aka dasa na'urorin, haɗe da samfurinsu, a matsayin alamar cewa zamanin gaba ya wuce. A gida, da yawa daga cikin tsofaffin jami'an hukumar suka ɗauke shi maci amana. A Washinton kuma kyautar ba ta warware komai ba. Babu hanyar tabbatar da cewa zanen ya cika, ko kuma an nuna wa shi Bakatin ɗin komai. Shaidar tsarkin ginin ta fito ne daga hukumar da ta gurɓata shi, don haka ba a iya dogara da ita.

Daga ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Aka cire hawa biyu na sama, aka ɗora sababbi huɗu, aka keɓe su domin ayyukan sirri, ƙananan hawan kuma aka bar su ga ayyukan da ko an ji ba a yi asara ba. An fara wannan aiki a 1997, aka kammala a 2000, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 240. A wannan karon, ma'aikata 'yan Amurka da aka tantance ne suka yi aikin, kayan ginin kuma daga waje aka shigo da su ƙarƙashin rakiya. Daga aza harsashi zuwa tarewa, shekara 21.

Ƙa'idojin da suka biyo baya

A ƙarshen 1987 majalisar Amurka ta kafa doka cewa, kafin a fara gina duk wani ofishi a ƙetare da za a ajiye bayanan sirri a cikinsa, sai sakataren harkokin waje, bayan tuntuɓar shugaban leƙen asiri, ya tabbatar wa majalisa cewa an ɗauki matakan tsare aikin ginin. Ma'anar wannan ita ce, tsarin tsaro yana riga haƙa harsashi, kuma akwai wanda za a kama da sunansa idan aka yi sake. Tsarin da ya bunƙasa daga nan, wanda umarnin hukumomin leƙen asiri mai lamba 705 na shekarar 2010 ya ƙara daidaitawa, ya tsaya ne a kan abubuwa huɗu, kowanne yana toshe wata kafa da aka bari a Mosko.

Na farko, mutane. Kowane aiki yana da jami'in tsaro guda da ke da alhakin filin gaba ɗaya. Ana bincikar tarihin ma'aikata kafin a ba su katin shiga, katin kuma yana nuna iyakar inda mai shi zai taka. 'Yan ƙasar da ake gini a cikinta suna iya yin ayyukan gama-gari, amma kammala ɗakunan sirri na 'yan Amurka ne da aka tantance. Duk inda wanda ba a tantance ba ke aiki kusa da sashen sirri, akwai ƙwararren da ya san gini yana tsaye yana kallon hannunsa. Ana bukatar wanda ya san aikin ne saboda soja da bindiga ba zai gane wayar da ba ta cikin zane ba.

Na biyu, kaya. Abin da zai shiga sashen sirri, ko dai a saye shi ta hanyar da mai sayarwa bai san inda za a kai shi ba, ko a tsinto shi ba zato daga cikin tulin irinsa, ta yadda ba wanda zai san wane ne za a ɗauka balle ya shirya shi, ko kuma a bincike shi ciki da waje. Sannan a rufe shi da hatimi, a raka shi a hanya, a ajiye shi a rumbu mai tsaro har ranar da za a ɗora shi. Idan aka samu tazarar da ba a san hannun wa kayan suka shiga ba, sun faɗi.

Na uku, fili. Shinge, fitilu, ƙofa ƙwaya ɗaya ko kaɗan, binciken mutum da mota a shiga da fita, hana shiga da wayar hannu da kyamara, da gadi dare da rana, har da sa'o'in da ba a aiki, domin da dare ake taɓa abin da aka gina da rana.

Na huɗu, takardu. Zanen ginin kansa sirri ne, ana raba shi gunduwa-gunduwa, kowa ya ga abin da aikinsa ya bukata. Ana kuma ajiye rajistar wanda ya shiga, da abin da ya shigo da shi, da wanda ya tsaya a kansa. Wannan rajista ita ce shaidar da ginin Mosko ya rasa, kuma da ita ake amincewa a fara aikin sirri a ɗaki. Da irin wannan tsari aka gina sashen sirri na sabon ofishin jakadancin Amurka a Beijin, wanda aka buɗe a 2008.

Ba ɓangare guda ba ne, ba kuma zamani guda ba

Adalci ya bukaci a faɗi cewa Amurka ma ba ta zauna hannu rabbana ba. A watan Afrilun 1987, jami'an Sobiyet sun baje wa 'yan jarida na'urorin da suka ce sun tono daga gine-ginensu a Amurka. A 2001 kuma, bayan kama Robert Hanssen, jami'in FBI da ya daɗe yana sayar wa Mosko sirri, ta bayyana cewa Amurka ta haƙa rami a ƙarƙashin harabar Mount Alto domin sauraro, kuma ana zargin Hanssen ya tona asirin ramin tun da daɗewa. Kowane ɓangare ya ɗauki filin ginin ɗan'uwansa a matsayin dama da ba ta maimaituwa, domin da zarar an tare, ƙofa ta rufu.

Tambayar ta iso Afirka ma. A 2012 aka buɗe sabuwar hedikwatar Tarayyar Afirka a Addis Ababa, wadda ƙasar Sin ta gina kyauta a kan kimanin dala miliyan 200. A watan Janairun 2018, jaridar Le Monde ta Faransa ta ruwaito cewa an shafe shekaru ana kwasar bayanai daga kwamfutocin ginin cikin dare zuwa birnin Shanghai. Sin ta musanta, shugaban hukumar gudanarwar Tarayyar na lokacin, Moussa Faki Mahamat, shi ma ya yi watsi da zargin. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, tambayoyin da suka taso su ne dai na Mosko: wa ya gina, wa ya kawo kaya, wa ya tsaya a kansu, kuma ina rajistar da za ta raba gardama?

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, domin maginin tukunya yana yi mata ado ne tun yumɓu na ɗanye. Tsaron ginin sirri ma haka yake. A Mosko, an rasa shi ne a watan Disamban 1972, a cikin sakin layin da ya ba mai masauki damar ƙera ginshiƙai a masana'antarsa, shekara bakwai kafin mai gadi na farko ya tsaya a ƙofar filin. Abin da aka bari a wannan sakin layi, bincike na shekaru bai dawo da shi ba, zanen da shugaban KGB ya miƙa da hannunsa bai dawo da shi ba, sai da aka sauke hawa biyu aka sake ginawa da hannun da aka sani.